Bakin Taubashiya

Akwai mata a Katagum da in sun hango ni yanzu sai su ja yaransu jiki. Wai bakina ba shi da kyau, abin da na faɗa shi ke faruwa. Ni Baturiya, da na haura hamsin ina magana a dangin nan ba wanda ya taɓa ɗaga kai ya saurare ni, rana ɗaya na zama mai baki. To madalla. Tunda an ce ni na kwantar da Hammawa, bari in faɗi ko wane ne Hammawa, in kuma faɗi abin da ya kwantar da shi.

Hammawa ɗan Gwaggo Dijatu ne, ƙanwar babana. Taubashina ke nan. Na girme shi, na goya shi ma, kuma tun ranar da ya iya haɗa kalma biyu bai taɓa yi mini gaisuwar arziki ba, ni ma ban taɓa yi masa ba. Shi yana ce mini Jan Kunne, saboda hasken fatar da ya sa aka laƙaba mini Baturiya. Ni ina ce masa Baƙin Mai. In mun haɗu a biki, ga gaisuwarmu:

"Au, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in ga bayanki tukuna, in sha gumbarki."

"Ka daure ka mutu kafin sallah, babur ɗin nan nake so."

Mutane su yi ta dariya, Gwaggo ta fi kowa. Haka muka tashi, haka muka ga iyayenmu suna yi da nasu taubasan. Da wannan gaisuwar aka ɗaure ni daga baya.

Sunan Baƙin Mai ba a banza ya same shi ba. Tun yana yaro ba a ajiye abu mai ƙusa a gabansa. Ya taɓa kwance rediyon babana don ya ga mutanen da ke ciki, ya sha duka, washegari ya mayar da ita ta ci gaba da magana, ga ragowar ƙusoshi a hannunsa bai san inda suka fito ba. Boko bai karɓe shi ba. Da ya gama firamare aka kawo shi gidanmu a Azare ya koyi gyaran babur da janareta, ni lokacin ina ƙarshen sakandare. Da hannunsa ya faɗa sai ya koma Katagum, daidai lokacin da masu noman rani ke barin jigo suna sayen injin ban ruwa.

Nan ya sami abin yi har furfura ta fara fito masa. Duk fadamar nan, daga masu shinkafa zuwa masu albasa da tattasai, ba wanda bai san ƙarar babur ɗinsa ba. Jakar buhu ɗaure a baya cike da sifana da fulogi, wando naɗe zuwa gwiwa. In inji ya tsaya ana tsakiyar ba alkama ruwa, shi ake nema, kuma yana zuwa ko da loma a hannunsa. Har rugage ake kiransa, ya dawo da goran nono rataye a kan babur. Mutum ne mai sauƙin kai, sai dai a kan inji ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Na taɓa jin sa yana wanke wani dattijo da ya isa haihuwarsa: "Baba, tun yaushe injin nan yake maka wannan ƙarar? Ka ji ya canza murya, ka ci gaba da tatsarsa har ya ƙone. Yanzu ka ɗauko mini gawa ka ce in tayar." Dattijon yana ta sosa ƙeya.

Ya riƙe uwarsa tun rasuwar mahaifinsa, ya aurar da ƙannensa mata, ya auri Saliha, yarinya mai haƙuri, Allah ya ba su zuri'a. Ba ya caca, ba ya yawon banza, sallah ba ta wuce shi. Aibinsa ɗaya ne, sigari.

A garejin Azare ya koya. Mahaifinsa mashayin taba ne, tari ne kuma ya tafi da shi, don haka ranar da Gwaggo ta tsinci kwali a aljihun Hammawa sai ta zauna a tsakar gida ta yi kuka kamar an yi sabuwar mutuwa. Ta ce in bai bari ba, ba ta yafe masa nonon da ya sha ba. Ya durƙusa ya yi mata alkawari. Alkawarin bai ga sabon wata ba. Ya koma sha a ɓoye, a bayan gari, a bakin kogi, ya bi da goro da alewar mura. Shekara da shekaru. Ni kaɗai na sani a dangi, don ba a jin kunyar taubashi. In ya shigo Azare sayen kayan inji, zaurena ne mashayarsa. In zage shi, ya buso mini hayaƙi, a tashi.

Dole in sako maigidana, Malam Umara, Allah ya jiƙansa, don ta kansa na san abin da na sani. Ya kwana biyu yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, zuciyarsa tana tashi. Kowa ya ce olsa. A ƙasar nan duk ciwon da ya tsaya tsakanin wuya da cibiya sunansa olsa. Aka ba shi madara, aka ba shi ruwan kanwa, aka sayo farin maganin nan mai kauri. Ranar da muka kai shi asibiti sai dai muka dawo da shi a naɗe. Wata likita ce ta zaunar da ni daga baya, ta ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Ta ce in mutum ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji ko ana matse shi, ciwon yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, yana gumi mai sanyi, numfashi ba ya isarsa, zuciya na tashi, to ba a jira, ba a jiƙa komai, asibiti ake nufa a lokacin. Duk jinkirin da aka yi, wani ɓangaren zuciyar ne ke mutuwa, kuma ba ya dawowa. Na yi takaba ina maimaita maganar nan kamar hadda. Ba wanda ya taɓa gaya mana ita sai da ta daina yi mana amfani.

A cikin takabar nan kowa ya shigo da fuskar tausayi yake shigowa, har na tsani ganin mutane. Sai rannan na ji muryar Hammawa daga zaure: "Jan Kunne, kin cinye bawan Allah, saura wa?" Ranar na fara dariya tun rasuwar Malam, dariya da hawaye a haɗe. Da ya tafi aka tarar da buhun shinkafa a bayan ƙofa, bai ce da kowa komai ba. Shi ke nan Hammawa.

Bara waccan ya zo mini da sabon abu. Ya zauna a zaure, maimakon kwali sai ya zaro wani ɗan abu kamar biro mai kauri, ya kai baki ya zuƙa, ya busar da farin hayaƙi mai ƙamshin gwaba.

"Jan Kunne, taya ni murna. Na bar taba."

"Wannan kuma fa, kakar taba ce?"

"Ke ba ki waye ba. Shisha ce ta aljihu, yara na ce mata fen. Gali mai caja na bakin tasha ne ya sayar mini. Ya ce ba taba a ciki, tururi ne kawai da turare. Caji ake mata kamar waya."

"Gali mai caja ne likitanka yanzu?"

"Ai ya fi ki, ke da kika yi sakandare kika ƙare a suyar ƙuli-ƙuli."

"Wane irin turare ne in ba ka zuƙa ba hannunka ke rawa? Allah ya sa ta fashe maka a baki."

Dariya ya yi. Ga abin da ya biyo baya. Da, sai ya nemi lungu kafin ya sha kara ɗaya, neman lungun ma yana rage masa. Yanzu ba wari, ba toka, ba ashana. Sai ya zama daga safe har kwanciya abin yana bakinsa, a kan babur, a gindin inji, har cikin gida. Rannan Gwaggo ta gan shi ta tambaya. Hammawa da ya rasa ta cewa, sai ya ce maganin ƙirji ne, irin wanda masu asma ke shaƙa, a asibiti aka ba shi.

Shi da bakinsa ya ba ni labarin yana ƙyalƙyala dariya. Wai har 'yar jaka Gwaggo ta ɗinka wa abin da ƙyallen atamfa. Wai in zai kwanta sai ta leƙo ta ce, "Hammawa, ka sa maganinka a wuta kuwa?" Na ce masa wannan ƙaryar sai ta ci ka. Ya ce ta ci ni dai, shi namansa ɗaci gare shi.

Ana saura 'yan makonni Saliha ta haihu ya sake zuwa Azare. Ya sauka daga babur, ya zauna, ya zuƙi abin nan, sai na ga ya dunƙule hannu ya danne tsakiyar ƙirjinsa. Ya yi shiru. Hammawa ba ya shiru a gabana.

"Mene ne?"

"Ba komai. Olsar nan ce. In na ja abin nan da ƙarfi sai ta taso, kamar an ɗora mini inji a nan. Yanzu za ta lafa."

"Yana zuwa hannu?"

"Na hagu, wani lokacin. Jan igiya ne."

"Da hagu kake jan igiyar inji?"

Ya dubi hannun.

"Tun yaushe?"

"Tun girbin shinkafa."

"Baƙin Mai, tashi mu je asibiti. Zuciyarka ce. Irin ta Malam ce. Wallahi za ka mutu."

Ya kwashe da dariya har da tafi. "An fara rabon gado! Babur ɗin dai ba za ki samu ba, na bar wasiyya a binne ni da shi."

"Ba wasa nake ba."

"Na sani. Ai ba ki taɓa wasa ba, tun ina goye kike so in mutu."

Na rantse, na maimaita. Na tuna masa dattijon da ya ƙona injinsa. Ya ce shi ba inji ba ne, kuma mai kemis ya riga ya ba shi magani. Ya hau babur ya tafi yana mini gwalo. Na kira Saliha a waya na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Kai Yaya, ku dai da wasan nan naku sai Allah." Na ji kamar in buga wayar da bango.

Duk dangin nan ni kaɗai ce na san ciwon, na kuma san abin da yake zuƙa. Kuma ni kaɗai ce duk abin da na faɗa a kan Hammawa, dariya aka saba yi masa.

Saliha ta haifi mace. Ranar suna na isa Katagum da wuri da robar ƙuli-ƙuli ta gudummawa. Aka raɗa wa yarinya Khaulat, aka yanka rago, gida ya cika. Bazara ce, zafi ake kamar a cire fata. Da hantsi aka ɗauke wuta, aka ce a tayar da janareta saboda zoɓon da ke firji. Janareta ya ƙi tashi. Wa za a kira? Uban jaririya, da sabuwar shaddarsa. Ina daga bakin murhu ina kallonsa yana ja, yana ja, har injin ya kama. Ya miƙe ya zaga bayan rumbu. Na san abin da ya je yi.

Da ya fito, ba Hammawan da na sani ba ne. Fuskarsa ta yi toka-toka. Shaddar ta jiƙe sharkaf ta manne masa. Ya jingina da bango, hannun dama a ƙirji, na hagu a sake kamar ba nasa ba. Na isa wurinsa na taɓa goshinsa. Ana wannan zafin, goshin sanyi ƙalau. Ya ce muƙamuƙinsa ke ciwo, zuciyarsa na tashi.

Na juya na ɗaga murya. "Jama'a, a nemo mota! Zuciyar mutumin nan ce, in ba a kai shi asibiti yanzu ba mutuwa zai yi!"

Tsakar gida ta ɗauki shewa. Wata har da guɗa. Mairo ƙanwarsa ta ce, "Taubashiya ta kama aiki! Ranar sunan 'yarsa ma ba za ki bar shi ya sha iska ba?" Wata ta ce a ba ni ƙafar rago in yi shiru, ita nake nema. Shi kansa Hammawa ya ƙaƙalo murmushi, don kar a ce taubashiya ta kayar da shi a gaban mata. Ya ce, "Ƙarya take, ban shirya ba." Da ƙyar maganar ta fito.

Aka kai shi ɗakin Gwaggo ya kwanta. Aka kawo madara. Aka jiƙo kanwa. Sai ga Gwaggo ta shigo da 'yar jakar atamfar nan a hannu, ta tsinto ta inda ya yar a bayan rumbu.

"Ungo maganinka, ɗan nan. Zuƙa sosai. Tun safe kana hidima ba ka samu ka sha da kyau ba, shi ya sa."

Na ce, "Gwaggo, wannan ba magani ba ne. Taba ce. Ita ke ƙara masa."

Gwaggo ta yi dariya. "Kai Baturiya, Allah ya shirye ki. Yaron da ya bar taba tun kafin ya yi aure?"

"Tambaye shi."

Ta dube shi. Ni ma na dube shi. Yana kwance yana haki, ya dubi uwarsa, ya dubi abin da ke hannunta. Sai ya miƙa hannu ya karɓa, ya kai baki.

Ban san lokacin da na fizge ba. Na fita da shi tsakar gida na jefa a turmi, na ɗaga taɓarya na sauke masa. Ya tarwatse da tartsatsi, ƙamshin gwaba ya cika wurin. A nan dariya ta tsaya, amma ba don an gane ba. Yanzu kuma na zama marar hankali. Mairo ta ce, "Wasa dai wasa ne, amma har da fasa wa marar lafiya magani?" Gwaggo ta fito tana salati, ta ce kar in sake taka mata ɗaki. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

Na fita waje wurin maza. Alhaji Babakura maƙwabcinsu yana da mota a ƙofar gida. Na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai ke da Hammawa ba a shiga tsakaninku. Bari a ci abinci a yi azahar, in bai lafa ba sai a duba." Aka ci abinci. Aka yi azahar. Ni ina zarya tsakanin zaure da ƙofar ɗaki kamar mahaukaciya, ana ratse ni da farantai. Na je tasha da ƙafata na samo mai mota, ya zo ya tsaya, ya gaji ya tafi. Ba a ɗaukar magidanci a ka in bai ce zai je ba, kuma duk wanda ya leƙa, Hammawa ce masa yake da sauƙi.

Wajen la'asar ya lallaɓo ya fito. Wai kunyar baƙi, mutane sun taso daga Udubo da Dambam amma uban jaririya yana kwance. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya cikin maza. Ya zauna yana numfashi sama-sama, yana amsa barka da kai.

Sai na cire takalmana. Na ratsa maza na je gabansa, na durƙusa gwiwa biyu a ƙasa kamar yadda nake yi wa babana. Ni da na goya shi. Na sassauta murya.

"Malam Hammawa, barka da yamma. Ina roƙonka don girman Allah, don darajar yarinyar da aka raɗa wa suna yau, ka tashi mu je asibiti."

Tunda aka haife shi ban taɓa kiransa da sunansa ba, balle da Malam a gaba. Ya daɗe yana kallona. Na ga lokacin da tsoro ya shigo idonsa.

"Yaya Baturiya," ya ce, "da gaske ne?"

"Da gaske ne."

Ya juya da ƙyar. "Alhaji, a taimaka da mota."

Tun hantsi nake ihu, nake rantsuwa, har da taɓarya, ba wanda ya motsa. Sai da na gaishe shi kamar baƙuwa aka ji ni.

Asibitin garin suka duba shi, suka yi masa abin da za su iya, suka ce maza a wuce Azare. Ban tuna komai na hanyar ba sai wajen Gadau, inda ya yi amai ya ce in riƙe masa Khaulat. Na ce ya riƙe abarsa, ni na gama raino.

A Azare aka karɓe shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Bai mutu ba. Masu cewa abin da na faɗa shi ke faruwa, ku ji: bai mutu ba. Amma bayan kwanaki likita ya tara mu, ni da Saliha da shi, ya ce jijiya ce ta toshe, an kuma makara, wani sashe na zuciyar ya riga ya lalace. Da tun hantsi aka zo da labarin ya canza, da tun girbin shinkafa aka zo da ya fi. Ya ce sigarin shekaru ya yi nasa, hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba ya yi nasa. Shi kuma abin zuƙar, sinadarin nan na sigari mai hana mutum bari shi ne a cikinsa, yana sa zuciya gudu yana matse jijiya, ƙamshin gwaba bai canza masa hali ba. Ciwon da yake ji in ya zuƙa, gargaɗi ne zuciyar ke yi masa. Saliha ta sunkuyar da kai tana kuka. Ta ji da kunnenta.

Yau Hammawa ba ya jan igiya. Ba ya ɗaga inji, ba ya shiga fadama. In ya taka daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya ya huta. Babur ɗin da na yi shekaru ina cewa ya mutu in gada, an sayar. Yana zama a kan benci a ƙofar gida, manomi ya kawo inji ya ja da kansa, shi ya karkata kunne ya faɗi abin da ke damunsa. Wasu don tausayi suke zuwa. Yawanci sun koma wurin wasu, don alkama ba ta jira mai gyara ya huta. Ƙwayoyi yake sha safe da yamma, na gaske wannan karon, kuma Gwaggo ba ta ɗinka musu jaka ba.

Labarin da ya zauna a Katagum kuwa shi ne: mutum yana zaman lafiyarsa da 'yar olsarsa da maganinsa, taubashiya ta zo ta yi ta kira masa mutuwa a gaban jama'a, ta daka masa magani a turmi, kafin magariba ya faɗi. Wai wasan taubashi ma in ya yi yawa yana kama mutum. Waɗanda suka yi shewa ranar, su ne masu yaɗa wannan. Ba wadda ta ce mun bar shi kwance daga hantsi har la'asar muna rabon nama. Gali yana nan a bakin tasha, ya ƙaro masu ƙamshin lemo da na mangwaro, samari suna tsayawa. Shi ba a ce bakinsa ba shi da kyau ba. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata, matar da ta yi mini kitson aure. Ko wani jikanta ya karanta mata wannan rubutun, na san abin da za ta ce: sharrin taubashi ne.

Saliha ta san gaskiya, amma ba za ta buɗe baki ta ƙaryata surukarta ba, ban kuma ga laifinta sosai ba. Mutum ɗaya ne zai iya wanke ni. Sai dai kafin ya wanke ni, dole ya gaya wa uwarsa abin da ya yi da alkawarin da ya ɗauka a durƙushe. Ya ga mutuwa da idonsa, amma wannan ya fi ƙarfinsa.

Yakan biyo ta gidana in ya zo ganin likita. Wancan zuwan ya zauna a zaure inda ya saba, na kawo masa ruwa.

"Malam Hammawa, an zo lafiya? Ya jiki?"

"Haba Jan Kunne. Har yanzu? Zage ni mana, ko sau ɗaya. Tambaye ni ko ban mutu ba. Kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai, ke ma?"

"Ka gaya wa Gwaggo?"

Ya ce, "Tsohuwa ce, Yaya. Hawan jini gare ta. In ta ji..."

"Ni kuma ba ni da jini ko?"

Na ƙara da cewa:

"Ranar da ka gaya mata, ka zo. Zan zage ka har sai ka ce ya isa."

Ya sunkuya yana kallon hannayensa. Ni ma na kalla. Tas suke, har ƙarƙashin farce. Tun ranar da aka kawo shi gidanmu koyon gyara ban taɓa ganin hannun nan ba baƙin mai ba.

Ya shanye ruwan ya ce a gaida yara. Na ce za su ji. Na raka shi bakin titi na tsayar masa da adaidaita, na ce ya sauka lafiya, ya gaida mutanen gida.